Galmi: Abin da ke sa albasa yin yaushi alhali tana cikin ruwa

A Galmi da ke gundumar Dogarawa, cikin Malbaza a jihar Tawa, albasa ce ke riƙe da gidaje. Matasa da yawa da ke ci-rani a Abijan ko Legas sukan turo kuɗi gida a sayi injin ban ruwa, kuma idan ruwa ya wadata, hannu yakan yi nauyi. Fangali ya kwana cike, ganye ya yi ɗorawa ya langaɓe, mai lambu ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara sakin ruwa. Sau da yawa ba ruwa shukar ta rasa ba, iska ce.

Saiwa ma tana numfashi. Ganye ne ke haɗa sukari da hasken rana ya tura ƙasa, saiwar kuma ta ƙone shi da iskar oksijin da ke cikin ƙananan kofofin ƙasa. Daga nan take samun sinadarin ATP, wanda shi ne kuɗin cefanen kowace ƙwayar halitta: da shi take tsawo, da shi take janyo taki. Idan oksijin ya wadata, ƙwayar sukari ɗaya na ba da ATP wajen 30.

Da ruwa ya toshe kofofin, lissafi ya canza, domin tafiyar oksijin cikin ruwa ta fi ta cikin iska jinkiri kusan sau 10,000. Sai saiwa ta koma hanyar gaggawa, irin wadda yis ke bi a kwaɓin burodi. Wannan hanya ATP 2 kacal take bayarwa, tana barin sinadarin barasa. Saiwar na cinye ajiyarta da sauri, ta rage zuƙar ruwa, bakinta ya fara mutuwa, ruɓa ta samu ƙofa.

Ba da ka shuka ke yin wannan sauyi ba. A 2011, ayarin masana biyu suka wallafa a mujallar Nature cewa akwai wasu sunadarai da shuka ke rusawa muddin akwai oksijin. Da ya yi ƙaranci sai su taru su kunna hanyar gaggawar.

Shinkafa ta tsira ne saboda tana da hanyoyin iska daga ganye har saiwa. Albasa ba ta da wannan gata, ga saiwarta gajera, galibi ba ta wuce santimita 30 na sama ba. A ƙasar laka irin ta kwarin Magiya, inda ruwa ke daɗewa bai tsane ba, nan haɗarin ya fi yawa.

Maganin bai kai kuɗin man inji ba: ban ruwa kaɗan-kaɗan, mafita a kowane fangali, takin gargajiya mai sassauta laka. Kafin a tada inji, a tura yatsa cikin ƙasa. In ya fito da danshi, a bari sai gobe.