Hawan Dutsen Dala a Lokacin Kaka da Muhimmancin Hasashen Yanayi

Gabatarwa

Kamar yadda aka sani, duk baƙon da ya shigo birnin Kano daga ƙauyuka da garuruwan jihar nan yakan so ya ga Dutsen Dala, wasu kuma ba sa jin sun zo Kano sai sun hau shi. Ɗaliban makarantu sukan zo ziyarar ƙaro ilimi, matasa sukan hau domin motsa jiki, sannan a ranar Takutaha dubban jama'a, maza da mata da yara, sukan cika dutsen maƙil. Mun ga ya dace mu yi wa jama'a bayani, musamman mazauna karkara da jami'an ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya, a kan lokacin da ya fi dacewa da hawan wannan dutse da ire-irensa, da kuma yadda hasashen yanayi na shekara-shekara zai taimaka wa mai hawan dutse da manomi baki ɗaya.

Matsayin Dutsen Dala

Dutsen Dala yana cikin tsohon birni, a Ƙaramar Hukumar Dala, kuma ƙololuwarsa ta kai kimanin mita 534 daga doron teku. A yamma da shi akwai Goron Dutse, a Ƙaramar Hukumar Gwale. Binciken masana kayan tarihi ya nuna cewa an yi aikin narka tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, wato ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda ya zauna a kan dutsen yana jagorancin bautar Tsumburbura, kafin Musulunci ya kafu a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) da zuwan Wangarawa. Haka kuma Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka yi wa laƙabi da Abdulkarim, ya hau dutsen a shekarar 1851, daga can ya zana hoton birnin. A shekarar 2007 Nijeriya ta sanya ganuwar Kano da wuraren da ke tattare da ita, ciki har da Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, a jerin wuraren da take nema Hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.

Ya kamata a lura cewa Dala ba falalen dutse ba ne irin na Riruwai ko na ƙasar Rano. Jikinsa marmara ce da jar ƙasa da tsakuwa, waɗanda ruwan sama yake ci yana zaizayewa kowace damina. Wannan shi ne dalilin da ya sa yanayi yake da tasiri sosai ga lafiyar mai hawa.

Yadda yanayin Kano yake juyawa

Iska iri biyu ce take mulkin shekararmu. Ta farko tana tasowa daga Tekun Atlantika ta fuskar kudu maso yamma, tana ɗauke da laima, ita ce uwar damina. Ta biyu tana saukowa daga Hamadar Sahara ta fuskar arewa maso gabas, busasshiya ce, ita ce take kawo hunturu. Inda suka haɗu akwai wata iyaka wadda take tafiya arewa daga watan Maris, har ta kai ƙurewarta can cikin hamada a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa a Kano. Daga Satumba sai ta fara ja da baya, ta ratsa ƙasar Kano wajen watan Oktoba ta nufi kudu. Wucewar wannan iyaka ita ce ɗaukewar ruwa da shigowar kaka.

Saboda haka ne ruwa yake riga ɗaukewa a arewacin jiha, kamar Ɗambatta da Kunchi da Makoɗa, ya kuma daɗe a kudanci, kamar Tudun Wada da Doguwa. Iyaye da kakanni sun daɗe da lura da wannan juyi ta hanyar lissafin taurari 28, bakwai ga kowane yanayi, kowane tauraro kwana 13 in ban da Jabha mai kwana 14. A wannan lissafi taurarin kaka suna farawa ne da Sarfa.

Abin da ya sa kaka ta fi dacewa da hawan dutse

Daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, a mafi yawan shekaru, ƙasa ta tsane, santsi ya ragu, ruwan damina ya wanke sararin sama, kuma hazo bai riga ya yi ƙarfi ba. Wanda ya hau Dala da sanyin safiya a wannan tsakani zai hangi hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a, da Gidan Rumfa, da ragowar badala, da Goron Dutse, har ma da unguwannin bayan gari. Da zarar Disamba ta kama, ƙurar da iska take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi takan rufe gari, wani lokaci har mutum ba ya iya hangen abin da ya wuce kilomita guda, jiragen sama su kasa sauka a Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. A irin wannan rana mai hawa ba zai ga komai ba, sai dai ya shaƙi ƙura, abin da yake da illa ga masu asma da tsofaffi. A bazara kuwa, musamman watan Afrilu, zafi yakan kai digiri 40, hawa da rana tsaka kasada ce.

Sai dai kaka ma tana da nata haɗurra guda uku. Na farko, zafi yakan dawo a watan Oktoba bayan gajimare ya yaye, don haka wanda ya hau da hantsi ba tare da ruwan sha ba zai galabaita. Na biyu, hadarin ƙarshen damina, kamar na farkonta, yakan taso daga gabas cikin gaggawa da iska mai ƙarfi da tsawa, kuma wanda yake tsaye a kan tudu ya fi kowa fuskantar faɗuwar aradu. Na uku, a duwatsun karkara ciyawa tana da duhu a wannan lokaci, kuma lokacin girbi yana daga cikin lokutan da saran maciji ya fi yawa.

Batun ranar Takutaha

Muna so mu jawo hankalin jami'ai zuwa ga wani abu da ba kowa ne ya lura da shi ba. Ana yin Takutaha ne ranar 19 ga watan Rabi'ul Awwal, mako guda bayan Mauludi, kuma tun da shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, bikin yana matsowa baya kowace shekara. A 2022 ya faɗo a tsakiyar Oktoba, cikin kaka. A 2023 ya zo a farkon Oktoba, a 2024 da 2025 kuwa a cikin Satumba. Bisa lissafi, a 2027 da 2028 zai faɗo a watan Agusta, tsakiyar marka, lokacin da jikin dutsen yake jiƙe sharkaf. Ma'ana, taron da aka saba gudanarwa a busasshiyar ƙasa zai ɗauki shekaru ana yin sa cikin damina. Tsarin da ya wadatar a shekarun baya ba lalle ne ya wadatar a waɗannan shekaru ba, don haka wajibi ne shirin wannan rana ya fara da duba hasashen yanayi.

Mene ne hasashen yanayi na shekara?

Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, wadda aka kafa da doka a shekarar 2003, ita ce take fitar da wannan hasashe a farkon kowace shekara, kafin faɗuwar damina. A cikinsa akan bayyana lokacin da ake sa ran saukar ruwan shuka, da lokacin ɗaukewarsa, da tsawon damina, da yawan ruwan da ake tsammani, da wuraren da ake fargabar tsayawar ruwa a tsakiyar damina, da kuma yanayin zafi. Ana fassara taƙaitaccen bayaninsa zuwa Hausa. Masana suna gina shi ne a kan bayanan ruwan sama na shekaru masu yawa daga tashoshin awo, irin wadda take filin jirgin saman Kano, da hotunan tauraron ɗan Adam, da kuma ɗumin ruwan manyan tekuna. Alal misali, idan ruwan Tekun Fasifik ya yi ɗumi fiye da kima, abin da ake kira El Nino, daminar yankin Sahel takan yi rauni a yawancin lokuta. Baya ga wannan, Hukumar NIHSA mai lura da koguna takan fitar da nata hasashen ambaliya kowace shekara.

A nan akwai abubuwa biyu da ya kamata a fahimta. Na ɗaya, wannan hasashe ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba ce irin wadda aka ce Barbushe yana yi wa mutanensa game da abin da shekara za ta zo da shi. Awo ne da lissafi a kan alamun da Allah Ya sanya a cikin halittarsa, kamar yadda manomi yake duban gabas ya ce hadarin nan na ruwa ne. Yana iya dacewa, yana iya kuskurewa. Na biyu, hasashen shekara ba ya faɗin ranar da za a yi ruwa a wani gari. Idan ya ce ruwa zai ɗauke a wani yanki wajen tsakiyar Oktoba, ana nufin kwanakin da ke kewaye da wannan lokaci ne, da ɗan gaba ko ɗan baya. Mai son sanin halin gobe ko jibi sai ya nemi hasashen kwana uku wanda hukumar take fitarwa a kai a kai, ana kuma karanta shi a gidajen rediyo da talabijin. Hasashen shekara na tsara wata ne, na kwana uku kuma na tsayar da rana.

Amfaninsa ga manomi

Bayanin da zai gaya wa malamin makaranta lokacin kawo ɗalibai Dala, shi ne zai gaya wa manomi lokacin cirar gyaɗa da roron wake. Idan an yi hasashen ruwa zai makara wajen ɗaukewa, kada a bar gyaɗar da ta nuna a ƙasa har ta tsiro, kada kuma a baza amfanin gona a masussuka ba tare da tanadin abin rufewa ba, domin hatsin da aka zuba a rumbu da danshi yakan yi fumfuna, harawar da ruwa ya doka kuma takan yi baƙi ta rasa daraja. Idan kuwa an ce ruwa zai ɗauke da wuri, tun a lokacin shuka ya kamata a nemi iri mai saurin nuna ta hannun malaman gona na Hukumar KNARDA. Jihar nan ta ɗanɗani farin 1973 da na 1984, ta kuma ga ɓallewar madatsar ruwa ta Bagauda a watan Agustan 1988. Duka waɗannan sun koya mana cewa rigakafi ya fi magani.

Shawarwari ga masu hawa

1. A saurari hasashen yanayi kwana guda kafin tafiya, idan an ambaci hadari ko hazo mai kauri a ɗage ranar.
2. A hau da sassafe ko bayan la'asar, a sauko kafin magariba.
3. A bi matakalar da aka gina, a guji ratse ta gefen da ruwa ya zaizaye.
4. A riƙe ruwan sha, a sa takalmi mai kama ƙafa, ba silifas ba.
5. Da an ga gabas ta haɗe ko an ji rugugin tsawa, a sauko cikin natsuwa, kada a fake a gindin bishiya ko kusa da turken ƙarfe.
6. Kada a bar yara ƙanana su hau ba tare da babba ba.
7. A duwatsun karkara a nemi ɗan gari ya yi jagora. Wanda maciji ya sara a garzaya da shi asibiti, kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tamau.

Kira ga jami'ai da shugabannin al'umma

Muna kira ga jami'an yaɗa labarai da sassan aikin gona na ƙananan hukumomi 44 da su nemi hasashen kowace shekara da zarar ya fito, su ware abin da ya shafi yankinsu, su isar da shi ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, domin a sanar a masallatai da kasuwanni. Shugabannin makarantu su tsara ziyarar Dala a cikin kaka. Masu shirya Takutaha kuma su tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jiha tun da wuri, a duba matakala bayan kowane ruwa mai ƙarfi, a tanadi masu tsara hawa da sauka domin kauce wa turmutsitsi. Har ila yau, muna roƙon maƙwabtan dutsen da su daina haƙar ƙasa da zubar da shara a gindinsa, domin kowane rami da aka haƙa hanya ce aka buɗe wa ruwa ya ƙara cin jikin dutsen, kuma gidajen da ke ƙasa su ne farkon waɗanda abin zai shafa.

Kammalawa

Daga ƙarshe, muna fatan duk wanda wannan bayani ya isa gare shi zai isar da shi ga waɗanda ba su samu damar karantawa ba, musamman iyaye da malamai da manoma. Allah Ya ba mu damina mai albarka da kaka mai yalwa, Ya kare jiharmu daga fari da ambaliya, Ya kai kowa gidansa lafiya, amin.