Kafin A Kira Dillali: Yadda Za A Shirya Gida Domin Sayarwa

Sayar da gida ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. A da, a garuruwa da ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da wuya ka ji an ce wane ya sayar da gidansa. In mutum ya tashi, ɗan'uwa ne yake shiga, ko kuwa gidan ya zama kango. Yau zamani ya canza. Wani aiki ya kai shi Kano ko Zariya ko Jos, wani kuɗin asibiti ko na makarantar yara ya taso masa, wasu kuma maigida ne ya rasu, magada suka ga babu yadda za a raba ɗaki huɗu tsakanin mutum tara sai an mai da gidan kuɗi. Masu saye ma sun yawaita. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani da kamun kifi suka jawo baƙi, ga masu sana'ar shinkafa a Tudun Wada, ga kuma 'yan kasuwar da suke son zama kusa da Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, sau da dama iyali sukan rabu da gidansu a kan kuɗin da bai kai darajarsa ba, domin sun kira dillali tun ba su shirya ba. Ya kamata mu sani, mai sayen gida abu uku yake tsoro: rigima, da ruwa, da abin da aka ɓoye masa. Duk wanda ya kawar masa da tsoron nan uku, to, ya riga ya yi rabin ciniki.

Bakin Iyali Ya Zama Ɗaya

Gyara na farko ba ya bukatar siminti ko fenti. Kafin kowa ya ji a waje, a tara duk wanda yake da haƙƙi a gidan a zauna. In gidan gado ne, wannan ya haɗa da gwauruwar mamacin, da 'ya'ya mata waɗanda suka yi aure, da ɗan da yake aiki a Legas ko yake aikin soja a nesa. Kowa ya ji dalilin sayarwa, da kuɗin da ake nema, da yadda za a raba. A rubuta abin da aka shirya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaidu. Dattawan ikkilisiya sukan taimaka ƙwarai a irin wannan zama, musamman wajen tabbatar da cewa gwauruwa da marayu sun san inda za su koma kafin a karɓi ko kwabo. In dukiyar tana da yawa, ko akwai saɓani, babbar kotun jiha tana ba da takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kuma mai saye mai wayo zai nemi ganinta.

Mai saye yakan yi tambaya a unguwa kafin ya dawo karo na biyu. Da zarar ya ji cewa akwai ƙanen maigida da bai yarda ba, ko dai ya janye, ko ya rage kuɗi domin shari'ar da yake hange.

Takardu Da Iyaka

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna a matsayin amana. A cikin yankunan da aka ayyana birni, Gwamna ne yake ba da takardar mallaka, kuma sai da yardarsa ake mayar da ita ga wani. A karkara kuwa, Ƙaramar Hukuma ce take ba da izinin zama na gargajiya, ita ce kuma take amincewa da sauya hannu. Yawancin gidajenmu ba su da takardar Gwamna. Abin da ake da shi shi ne takardar ciniki ta tun asali, mai ɗauke da sa hannun mai unguwa ko dagaci. A nemo ta tun da wuri, a yi mata hoto, a ajiye ta asali inda gara da ruwa ba za su taɓa ta ba. In ta ɓata, ko gidan na kaka da kakanni ne wanda ba a taɓa rubuta shi ba, a je wurin mai unguwa da dagaci da maƙwabta tsofaffi a rubuta shaida, sa'an nan a kai sashen ƙasa na Ƙaramar Hukuma. Wanda yake da takardar Gwamna kuma ya tuna cewa a ƙarshen 2024 gwamnatin Jihar Kano ta umurci masu irin wannan takarda su sabunta ta, saboda haka ya bincika matsayin tasa a hukumar KANGIS kafin ya nuna wa mai saye.

Bayan takarda sai iyaka. A kira maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, a bi iyakar da ƙafa, a auna tsawo da faɗi, a kafa alama. A daidaita wane ne mai katangar tsakani, da inda ruwan indararo yake zuba, da ko akwai hanyar da mutane suka saba bi ta bayan gida. In akwai mangwaro ko ɗorawa a bakin iyaka, a san mai shi. Haka nan in gidan yana da wutar lantarki, a biya bashin KEDCO a riƙe rasit, domin bashin wuta yakan bi gida ne, sabon mai gida shi za a tasa a gaba.

Ruwa Shi Ne Babban Abokin Gāban Gida

Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, musamman wajen Doguwa da Riruwai inda duwatsu suke. Saboda haka mai saye a wannan yanki, da ya shiga ɗaki, sama yake fara ɗaga kai. Tabon ruwa a sili ko a bango ya isa ya rage kuɗin gida fiye da abin da gyaran zai ci.

In rufin kwano ne, a hau a duba ƙusoshin da suka ɗago, a sauya fallen da ya yi tsatsa har ya huje, a duba katakon ko gara ta ci. In soro ne, a duba azara ɗaya bayan ɗaya, a ƙwanƙwasa a ji ko ta zama holoƙo a ciki, a sake yaɓen rufi, a gyara indararo yadda zai jefa ruwa nesa da gindin bango. Bangon ƙasa yana son sabon yaɓe, kuma magina na gargajiya sun san amfanin makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, wajen hana ruwa cin bango. Inda bango ya tsage, a buɗe tsagar a cike ta sosai. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, a nan kuwa ƙadangaren shi ne mai neman ragi.

A lura kuma da inda ruwa yake kwanciya a tsakar gida. A cike kwarin da ƙasa ko tsakuwa, a yashe kwata, a tabbata ruwan wanka yana fita ba tare da ya shiga gidan maƙwabci ba.

Rijiya da masai su ne abu na gaba da mai saye zai leƙa, matarsa ma su za ta fara tambaya. A yashe rijiya, a ɗaga bakinta, a yi mata murfi. Masai ya sami daɓe mai kyau da murfi da ƙofa. Masana kiwon lafiya suna ba da shawara a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya. In na gidan sun yi kusa da juna sosai, a faɗa wa mai saye, a nuna masa inda za a iya haƙa sabo.

Abin Da Ido Yake Fara Gani

Tun daga bakin hanya mutum yake fara yanke shawara a zuciyarsa. A nome ciyawar ƙofar gida, a kwashe juji, a gyara ƙyauren da yake jan ƙasa. A share zaure a fitar da tsofaffin buhuna da garma da keken da ya mutu. Farar ƙasa ko fenti mai haske a zaure da ɗakuna ba ya cin kuɗi da yawa, amma yakan sa wuri ya yi fili. A rage kaya a ɗaka, a sauke tarin hotuna da kalandun shekarun baya, a buɗe tagogi iska da haske su shiga, domin mai saye yana so ya ga inda gadonsa da kwanukan matarsa za su zauna.

Dabbobi kuma a matsar da su. A kwashe takin turke a kai gona, a share akurki. In ana kiwon aladu, a kai su wani wuri makonni kafin zuwan masu dubawa, a wanke wurin, a zuba sabuwar ƙasa. Mu tuna cewa mai sayen yana iya zama maƙwabcinmu Musulmi, wanda zai duba ko katanga ta isa ta suturta iyalinsa, ko kuma mai tsayawa a zaure yana hango tsakar gida. Da yawa daga gidajenmu na ƙauye danga ce ta kewaye su. Sabunta dangar, ko ɗaga katanga inda ta zube, yakan ƙara yawan masu sha'awar gidan.

Kada A Zuba Kuɗi Inda Ba Za Su Dawo Ba

A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa na ƙasar nan, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin ɗauko yashi da bulo ya ƙaru. Saboda haka a yi lissafi kafin a fara kowane aiki. Sabon ɗaki, ko tayil, ko ƙofar ƙarfe mai ado, da wuya mai saye ya biya abin da aka kashe a kansu, domin shi ma yana da nasa tsarin a zuciya. Alal misali, in gida zai yi naira miliyan 3, kashe dubu 150 a kan rufi da yaɓe da masai yana da ma'ana, amma cin bashin miliyan ɗaya domin ƙarin ɗaki caca ce. Ƙa'idar ita ce a gyara abin da ya lalace, a tsabtace abin da yake da kyau, a bar sabon gini ga sabon mai gida.

Lokaci ma yana da muhimmanci. A watan Agusta, sa'ad da ruwa ya fi ƙarfi, a zaga gida da alli a yi alama a duk inda ya yi yoyo. Da ruwa ya ɗauke sai a yi gyara. Daga kaka zuwa tsakiyar rani ne manoma suke da kuɗin masara da shinkafa a hannu, a lokacin ne kuma masu saye suka fi yawa. Wanda ya fito da gida a tsakiyar damina, sa'ad da kowa yake neman kuɗin taki, ya nuna a matse yake, kuma sauri ya kan haifi nawa.

A Faɗi Aibin Gida

Akwai masu shafe tsagar bango da fenti da safe su kira mai saye da yamma. Ramin ƙarya ƙurarre ne, damina ɗaya ta isa ta tona asiri. A ƙauye kuwa mai sayarwa ba ya ɓacewa: danginsa suna nan, sunansa yana nan, kuma mu da muke ɗauke da sunan masu bi, abin da muka yi a ciniki shi maƙwabta za su riƙe. In rijiya takan ƙafe a watan Afrilu, a faɗa. In rafi yakan cika ya tare hanya a damina, a faɗa. In akwai kabarin wani na iyali a cikin gida ko bayansa, a faɗa tun ranar farko, a kuma rubuta abin da aka shirya game da shi. Mutumin da aka gaya wa aibi ɗaya da baki yakan gaskata sauran maganar, ciniki kuma ya yi sauƙi.

Ranar Ciniki

Kafin a ba dillali gida, a tambayi nawa aka sayar da gidaje biyu ko uku irinsa a unguwar cikin shekarar. A yanke la'ada da shi tun farko a gaban shaida, a kuma nemi a sadu da mai saye ido da ido, domin kada a sayar a kan wani kuɗi a kawo wa iyali wani. Takardar ciniki ta faɗi sunan mai sayarwa da mai saye, da girman fili, da maƙwabtan kusurwa huɗu, da kuɗi, da ranar tashi, da abin da ya shiga ciniki, watau ko rumbu da itatuwa da mita suna ciki. Shaidu na kowane ɓangare su sa hannu tare da mai unguwa, in da hali kuma lauya ya duba. A karɓi kuɗi ta banki maimakon ɗaukar su a buhu a kan hanya, kuma kada a dogara ga saƙon waya kaɗai. A je banki a tabbatar kuɗin sun shiga kafin a miƙa takarda da mabuɗi.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa masu karatu, wanda yake tunanin sayar da gida a bana ya fara da zaman iyali da neman takarda tun yau, ya bar kiran dillali sai rufi ya daina yoyo. Sayen nagari mai da kuɗi gida ne, kuma mai saye ya san haka. In ya sami gida marar rigima, busasshe, wanda aka gaya masa gaskiyarsa, zai biya da daɗin rai, iyalin da suka sayar kuma za su iya dawowa unguwar gaisuwa ba tare da sunkuyar da kai ba.