Rigar Mama da Ɗaurin Goyo

Duk macen da ta taɓa goya yaro mai jiki ta san ba kafaɗa ce ke ɗaukarsa ba. Za ki duƙa, ki ɗora shi a gadon baya, ki jawo zani ki soke a ƙirji, sannan ki kawo majanyi ki tallabo mazaunansa ki ɗaure tamau. In majanyin ya kama, sai ki yi daka, ki yi shara, ki je unguwa ki dawo, yaro na ta barcinsa. In ya yi sako-sako kuwa, taku goma sai kin tsaya kin cusa shi sama da gwiwar hannu, kafin la'asar ƙugu ya riƙe.

Abin da ya faɗo mini a rai ke nan ranar da na koma duba ƙanwata, kwana uku bayan suna. Na same ta a bakin gado ta dafe wuya. Tun tana budurwa Allah ya yi ta mai cikar ƙirji, ga shi kuma yanzu nono ya kawo. Ta zame wuyan riga ta nuna mini kafaɗunta. Igiyoyin rigar mama sun yi musu gurbi irin wanda igiyar guga ke yi wa itacen bakin rijiya. Ta baya kuwa, ɗamarar rigar ta haye can tsakanin allunan kafaɗa.

"Yaya, na ja igiyar har ƙarshe, amma kamar ƙara sauka suke yi," in ji ta.

Na ce, "Ai goyo kika yi ba majanyi."

Ɗamarar nan da ke zagaye haƙarƙari a ƙasan nono, ita ce majanyin. Ita ke ɗauke da mafi yawan nauyin, igiyoyin kafaɗa aikinsu daidaitawa ne kawai, kamar bakin zanin da aka soke. Da zarar ɗamara ta yi yawa, sai gaba ya rinjayi baya, bayan ya yi sama, nauyin duka ya koma kan igiya biyu da ba su fi yatsa faɗi ba. Daga nan ciwon wuya da na gadon baya ke tasowa, a yi ta ɗora wa wankan jego laifi.

To me ya kai ta sayen mai ɗamara da ta fi ƙarfinta? Kasuwa ce. Ta aika, mai shago ya ji an ce matar mai jiki ce, shi kuma kayansa a harafin D suka tsaya, sai ya zaro mai lamba 44D, wato ɗamara 44, mazaunin nono D. Da ta gwada, nonon ya shige, sai ta ɗauka ta dace. A nan ne akasarinmu muke ruɗewa, don muna zaton harafin nan awo ne tsayayye. Harafin kamar mudu yake, na wannan kasuwa daban da na waccan. D ɗin da ke kan ɗamara 36 bai kai D ɗin da ke kan 44 ci ba. Na ari tef a wajen maƙwabciyarsu mai ɗinki na auna ta: ƙasan nono inci 36, ta kan nonon inci 44. Kowane inci na tazarar nan harafi guda ne, kuma a lissafin Ingila bayan D sai DD, E, F, FF, G, a yi ta hawa. Tazarar inci 8 ta kai ta 36FF. Abin dariya, mazaunin nono na 44D da na 36FF cinsu ɗaya, shi ya sa gaban ya zauna, amma ɗamarar ta fi jikinta da inci 8 cif. Masu lambar sauran ƙasashen Turai kuma da santimita suke rubutawa, 80 a madadin 36, 85 a madadin 38, haruffansu ma ba su ninkuwa, don haka tef ya fi takardar da ke maƙale a jikin riga gaskiya.

Kunya ma na da nata kason. Mace ta fi son ta aiki ƙanin miji ko ta jira dillaliya a kan ta tsaya gaban saurayi mai shago tana faɗin awon ƙirjinta. Na lefe kuwa da ƙiyasin dangin ango aka saya, ba wanda ya tambayi amarya.

Sai dai nonon mai jego ba ya tsayawa awo guda. Tsakanin kwana 3 zuwa 5 da haihuwa, bayan dakashi, yakan ciko ya yi tauri, kuma girmansa da asuba daban da bayan jariri ya ƙoshi. Mai kwaɓin fanke ba ta zuba shi a kwanon da ya yi masa cif-cif, ta san zai tashi. Haka ake barin ɗan sarari a gaba, da yadi mai miƙewa daga sama, amma ɗamara ta kama, yadda yatsu biyu kawai za su shiga ƙarƙashinta. Ki nemi mai faɗi, mai ƙugiya uku ko huɗu a jere, da igiyoyi masu faɗi. Riga biyu sun isa a farko. Wajen arba'in nono ya fara daidaita, haƙarƙarin da ciki ya buɗa ya fara komawa, sai a sake awo kafin a zuba kuɗi.

Mai ƙarfe a ƙasa kuwa ni ban so ta a makonnin farko. In ƙarfen ya hau kan naman nono, kamar an taka tiyon ban ruwa ne, wurin ya yi ƙulli. Riga mai matsewa ma haka take yi. In ƙullin ya zo da ja da zafi da zazzaɓi, asibiti za a je, kuma ba a daina bai wa jariri nonon.

Rigar shayarwa ta gaskiya tana da maɓalli a inda igiya ta haɗu da gaba, a ɓalle gaban ya sauko, igiyar na nan a kafaɗa. A gwada shi da hannu ɗaya tun a shago, don ranar da kike gidan biki, jariri na tsala kuka a ƙarƙashin hijabi, hannu ɗayan ne kawai naki. Ɗage riga ta ƙasa da muke yi shi ke kashe robar ɗamara, ya kuma danne nonon ta sama. Manyan lambobi sukan fito a dilar gwanjo, irin ta Ƙofar Wambai a Kano, amma a ja ɗamarar a gani. In ba ta koma da ƙarfi ba, robar ta mutu. In an samu mai kyau wadda ba ta shayarwa ba, mai ɗinki za ta iya yanke igiyar ta sa maɓalli. A zafin bazara auduga ce mafita, don gumi da ɗigar nono suna sa ƙasan mama ya saɓule. A wanke da hannu da ruwan sanyi, a shanya a inuwa.

Sati biyu muka yi muna nema wa ƙanwata mai lambarta kafin mu samu. Ranar da ta sa, Gwaggo, wadda ke yi mata wankan jego, tana kallonmu tana taɓe baki, wai su ɗaurin ƙirji ya shayar musu da 'ya'ya tara. Amma ta taso ta zagaya bayanta, ta cusa yatsu biyu a ƙarƙashin ɗamarar ta ja, yadda take gwada majanyi in yarinya ta goya mata jika.

"To, wannan kam ya ɗauru," ta ce. "Miƙo mini ɗan, ki je ki sha kununki kafin ya huce."