Ina Matan Karaye da Rogo a Aikin Albashi?

Mai karatu, shiga kowane gida a Karaye ko Rogo da hantsi. Za ka tarar mata suna aiki. Wata tana matsar man gyada, tana toya ƙuli-ƙuli. Wata tana dakan fura. Wata tana ɗinkin hula ko ba awakinta dusa. Amma idan aka zo lissafin ma'aikata, ba a cika sa su ba, domin sana'arsu a cikin gida take.

A waje kuwa maza ne suka fi yawa. Su ne a gona da rumfunan kasuwa. Su ne ke kamun kifi a madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye, wadda aka gama a 1992. Aikin malanta da na asibiti ma sun fi mata yawa a ƙauyuka.

Me ya kawo haka? Babban dalili shi ne talla. Matar aure ba ta zuwa kasuwa, sai ta ɗora wa 'yarta. Yarinya tana yawo da faranti, 'yan ajinsu suna karatu. Kafin ta gama firamare an fara maganar aure. To, ba a ɗaukar malamar makaranta sai da takardar NCE. Makarantar ungozoma, irin ta Dambatta, ba ta karɓar wadda ba ta ci jarrabawar sakandare ba.

Abin yana dawowa kanmu. Mace tana naƙuda, an kai ta asibitin ƙauye, sai a tarar namiji ne a bakin aiki. Mijin ya ce a koma gida. Wasu a nan suke rasa ransu. Sau da yawa wanda ya ƙi ma'aikaci namiji shi ne ya cire 'yarsa daga aji huɗu.

An taɓa gwada magani. Daga 2012 zuwa 2020 gwamnatin Ingila ta tallafa wa wani shiri a Kano da wasu jihohin Arewa. An ɗebo 'yan matan karkara, har da masu aure, aka ba su karatun share fage don su shiga makarantun jinya da ungozoma, sannan su koma su yi wa garuruwansu aiki.

Kada a ga laifin uwa ita kaɗai. Da ribar tallan take sayen kayan ɗakin 'yar. Idan maigida ya ɗauke mata wannan nauyi, ko aka mayar da talla bayan an tashi daga makaranta, yarinya za ta zauna a aji.