Sanƙarau: Cutar da Ke Bin Lokutan Shekara

Manomi a ƙasar Hausa ba ya bukatar kalandar bango kafin ya san inda shekara ta kwana. In ya ga gajimare ya fara taruwa, ya ji ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko, ya san damina ta kama. In gero ya nuna aka shiga girbi, kaka ce. In iska mai sanyi ta taso daga arewa maso gabas, leɓɓa suka tsage, ƙafafu suka yi faso, hunturu ne. In kuwa dare ya yi aka kasa barci a ɗaki saboda zafi, to bazara ta sauka. Abin da ba a cika koya wa yara ba shi ne, cututtuka ma suna da nasu lokutan. Zazzaɓin cizon sauro yakan yi ƙamari daga tsakiyar damina zuwa kaka, ƙyanda kuma ta fi yaɗuwa da rani. Amma duk cikinsu babu mai cika alkawari kamar sanƙarau. Yakan fara leƙowa da hunturu, ya tsananta a watannin Maris da Afrilu, sa'an nan da zarar ruwan sama ya sauka sosai sai ya ja da baya, kamar an yi masa tsawa.

Me ke juya lokutan?

Ɗalibai da yawa, in aka tambaye su dalilin zafin bazara, sai su ce duniya ce ta matso kusa da rana. Wannan amsa tana da daɗin ji, amma kuskure ce. Hasali ma duniya ta fi kusa da rana ne a farkon watan Janairu, daidai lokacin da mutanen Kano ke jin ɗumi a bakin murhu. Asirin yana ga yadda duniya take a karkace da kimanin digiri 23 da rabi yayin da take kewaya rana. Saboda wannan karkata, wurin da rana ke tsayawa daidai tsakar ka yana sauyawa, wani lokaci arewa, wani lokaci kudu. A Kano, alal misali, rana takan tsaya tsakar ka sau biyu a shekara, wajajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta. Afrilu wuta ne, zafi kan haura digiri 40, amma Agusta da sauƙi, domin gajimare da ruwan sama sun yi wa ƙasa rumfa.

Iskoki biyu ne ke kokawa a sararin Afirka ta Yamma. Ɗaya tana tasowa daga tekun Atlantika, ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗayar kuma tana fitowa daga hamadar Sahara, busasshiya ƙayau. In ta teku ta ture ta hamada zuwa arewa, sai a sami damina. In ta hamada ta rinjaya, sai rani. Wani babban kaso na ƙurar da ke rufe sama da hunturu yana tasowa ne daga wani kwari a arewacin Chadi da ake kira Bodele, wanda a zamanin da ƙasan wani makeken tabki ne. Wato farar ƙurar da yaro ke sharewa daga kan bencinsa a Katsina tana iya zama lakar tabkin da ya ƙafe shekaru aru-aru da suka wuce.

Baƙon da ke zaune a maƙogwaro

Sunan cutar da kansa ya bayyana ta, domin wuyan majinyaci ne ke sanƙarewa. Ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya suna lulluɓe da tantani hawa uku, da wani ruwa garai-garai a tsakani mai kare su daga girgiza. Sanƙarau shi ne kumburin wannan tantani. Ƙwayoyin cuta iri-iri suna iya haddasa shi, amma wadda ta fi kawo annoba a yankin nan ita ce bakteriyar da masana ke kira Neisseria meningitidis. Wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Anton Weichselbaum, shi ya fara gano ta a shekarar 1887. A ƙarƙashin madubin likita takan fito bibbiyu, manne da juna kamar ɓarin wake.

Abin mamaki a nan shi ne, wannan ƙwaya ba daga daji take zuwa ba, ba ta kuma rayuwa a jikin dabba. Gidanta ɗaya ne, bayan hanci da maƙogwaron ɗan Adam. A kowane lokaci kimanin mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita, lafiyarsa lau, bai ma sani ba. Tana tsallakawa daga wannan zuwa wancan ta tari da atishawa da yawu, musamman tsakanin waɗanda ke kwana wuri ɗaya. Muddin ta tsaya a maƙogwaro, babu abin da zai faru. Masifa tana farawa ne ranar da ta keta ta shiga jini, daga nan ta kai ga tantanin ƙwaƙwalwa.

To me ya sa take ketawa da rani, ba da damina ba? Cikin hanci akwai lallausar fata mai danshi, da majina mai kama ƙura da ƙwayoyin cuta, da wasu 'yan gasu ƙanana da ido ba ya gani, masu share majinar zuwa maƙogwaro a haɗiye ta. Wannan ita ce ganuwar jiki. Da hunturu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, majina ta bushe, fata ta tsattsage, shi ya sa yara ke yawan haɓo a lokacin. Ƙura da hayaƙi da mura suna ƙara raunana ta. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi ke nan: watanni ana yi wa ganuwa illa, har ta rushe a bazara, baƙon da ke ƙofa ya sami hanya. Binciken da Brian Greenwood da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970 yana cikin abin da ya ƙarfafa wannan fahimta, domin an lura ƙwayar ba ta daina yawo tsakanin mutane da damina, masu kwanciya ciwo ne ke raguwa.

Saboda haka maganar da ake yi cewa zafi ne ke kawo sanƙarau rabin gaskiya ce. Legas ma ana zafi, amma da gumi, kuma ba a san ta da irin annobar da ake yi a Sakkwato ba. Bushewa ita ce abar zargi.

Abin da tarihi ya rubuta

An fara bayyana annobar sanƙarau a rubuce a birnin Janeba a shekarar 1805. Shekara ɗari bayan haka, a 1905, aka rubuta ɓarkewarta a Zungeru, wadda a lokacin ita ce hedkwatar Turawan mulki a Arewacin Nijeriya. Tun daga nan ta riƙa dawowa da ƙarfi bayan 'yan shekaru, ta lafa, ta sake dawowa. A 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana taswirar wuraren da annobar ke aukuwa, sai ya ga ta yi ɗamara daga yamma zuwa gabas, a yankin da ruwan shekara ke tsakanin milimita 300 da 1,100. Yau ana lissafa ƙasashe 26 cikin wannan ɗamara, daga Sanagal zuwa Habasha. Kano da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram da Yamai duk suna tsakiyarta.

Shekarar da ba a mantawa ita ce 1996. A Nijeriya kaɗai mutane fiye da 109,000 suka kamu, fiye da 11,700 suka rasu. A Afirka baki ɗaya, tsakanin 1996 da 1997, fiye da 250,000 suka kamu, kimanin 25,000 suka riga mu gidan gaskiya. Cikin wannan annoba ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wannan al'amari ya bar tabo a zukatan iyaye, kuma malamin da zai yi wa ɗalibai maganar rigakafi bai kamata ya tsallake shi ba. Sai dai ya bayyana musu cewa wancan gwajin sabon magani ne a kan marasa lafiya, ba allurar rigakafi ba ce.

Akwai rigakafi tun shekarun 1970, amma yana da rauni. Ƙarfinsa ba ya wuce shekara uku, ba ya kama jarirai sosai, ba ya kuma korar ƙwayar daga maƙogwaro. Don haka sai annoba ta ɓarke ake rugawa da shi, bayan ɓarna ta riga ta auku. Ƙwayar tana sanye da wata riga ta sukari, kuma da bambancin wannan riga ake raba ta gida-gida: A, B, C, W, X da Y. Jikin ƙaramin yaro ba ya riƙe kamannin sukari a ƙwaƙwalwar garkuwarsa. Dabarar da aka yi ita ce a ɗaure sukarin da wani furotin da jiki ya iya ganewa, yadda in ya tuna ɗaya zai tuna ɗayan. Da wannan dabara aka haɗa MenAfriVac, bisa haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH da kamfanin Serum Institute na Indiya, a kan kuɗin da bai kai rabin dala ba kowace allura. An fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Nijeriya ta bi a 2011, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Gidan A, wanda ya yi ɓarnar 1996, ya kusa ɓacewa gaba ɗaya.

Amma fa sauran gidajen suna nan. Gidan C ya ɓullo a jihar Sakkwato a 2013, ya yi ɓarna a Nijar a 2015, sa'an nan daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya kwantar da mutane fiye da 14,000 a Nijeriya, fiye da 1,100 suka rasu, Zamfara ce ta fi jin jiki. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kariya daga gidaje biyar, A, C, W, X da Y.

Abin da ya kamata yaro ya sani

Abu na farko shi ne alamomi, domin sanƙarau ba ya jira. Daga shigar ƙwayar zuwa bayyanar ciwo kwana 2 ne zuwa 10, amma in ya bayyana yana iya kisa cikin yini guda. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, amai, ƙin haske, ruɗewa, da wuyan da ya ƙi lanƙwasuwa har majinyaci ya kasa taɓa ƙirjinsa da haɓarsa. Jariri ba ya faɗin ciwon kai. Shi sai a ga maɗigarsa ta kumbura, ya ƙi nono, yana wani irin kuka, ko ya yi laƙwas. In ba a yi magani ba, rabin masu ciwon suna iya rasuwa. In an yi, wajen ɗaya cikin goma ne, kuma cikin waɗanda suka tashi kusan ɗaya cikin biyar yakan kurumce ko ya sami wata naƙasa. Bambancin sau da yawa 'yan sa'o'i ne. Shugaban ɗakin kwanan ɗalibai da ya ce a bari gari ya waye, ko ya ba yaro ƙwayar ciwon kai ya lulluɓe shi, ya yi ganganci da ran ɗan'uwansa. Asibiti za a nufa, ko da tsakar dare ne, inda ake da allurai masu kashe ƙwayar irin su ceftriaxone.

Na biyu shi ne wurin kwana. Da sanyi akan rufe tagogi ruf, a cunkushe ɗaki ɗaya, wani lokaci har da kaskon wuta. Babu abin da ƙwayar ke so kamar haka. A makarantun kwana da tsangayu a bar tagogi biyu masu fuskantar juna a buɗe, a ba da tazara tsakanin shimfiɗu, in gadaje sun matsu a juya kan wannan wajen ƙafar wancan. Tsohuwar al'adar kwana a tsakar gida da bazara tana da amfani, in dai an ɗaura gidan sauro. Da rana kuwa, in ƙura ta taso, a rufe hanci da ƙyalle, a yawaita shan ruwa. Moɗa ɗaya da aji duka ke kafa wa baki a bakin randa ita ma abar dubawa ce: a ɗebo da ita a zuba a kofin kowa. Sai kuma katin rigakafi. Tun 2019 allurar gidan A ta shiga jerin alluran jarirai a Nijeriya, ana yin ta a wata tara.

Ƙananan yara sun fi riƙe abin da suka auna da hannunsu. Malamin firamare, ko ɗalibin sakandare mai ƙanne a gida, zai iya zana babbar da'ira a kwali, ya raba ta wata goma sha biyu, yara su shafa wa damina kore, kaka ruwan ɗorawa, hunturu fari, bazara ja, su rubuta aikin gona da cutar kowane lokaci a gefe. Sa'an nan a jiƙa hankici a matse, a shanya shi a inuwa, a duba agogo a rubuta minti nawa ya ɗauka kafin ya bushe. A yi haka a Fabrairu, a sake yi da hankicin nan a wurin nan a watan Yuli, a kwatanta. In yaro ya tambaya me ya shanye ruwan da sauri haka a Fabrairu, sai a ce masa ya taɓa cikin hancinsa.