Kafin Ɗalibi Ya Ja Ɗan'uwansa Gaba: Ƴaƴan Damargu Da Horon Jagoranci A Jami'a

Yaron da ya tashi a Tenhiya, can arewacin Damargu inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta soma, ba ya kaiwa jami'a sai ya sha baƙunci hawa-hawa. Da fari zai bar zango ko ruga ya shiga lakwal, inda mushe ke magana da Faransanci, alhali shi da Buzanci ko Fillanci ko Hausa ya buɗe baki. Daga nan sai kwaleji, sau da yawa a hannun mai masauki, sai lise a Tanut ko Damagaram. In Allah ya ba shi sa'ar bak, to baƙuncin da ya fi kowanne yana jiransa a gaba.

Gaskiya hanya ta ragu. Kafin 2010 yawancin masu bak na wannan yanki sai sun niƙi gari zuwa Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram. A shekarar ce aka kafa jami'o'in Damagaram da Maradi da Tawa. Ta Damagaram yanzu tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi ɗan garin, wanda ya shugabanci Babban Taron Ƙasa na 1991, ya rasu a 2022. Tsakaninta da Tanut kimanin kilomita 150 ne kawai. Sai dai kusancin hanya bai raba sabon ɗalibi da ruɗewa ba. Wanda ya saba da ajin da malami ya san sunan kowa, yau ga shi a babban zauren karatu, malami ya zuba bayani ya fita. Ga tsarin LMD da zangunansa, ga takardun neman burs a ANAB, ga neman ɗaki da tikitin abinci a CROU. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa buɗe.

Mai kama hannunsa kusan kullum ɗalibi ne da ya riga shi zuwa: ɗan garinsu da ke shekara ta biyu ko ta uku, ko wani daga ƙungiyar ɗalibai ƴan asalin gundumarsu. Shi zai tarbe shi a tasha, ya ba shi gefen katifa, ya nuna masa ofishin rajista. Wannan aiki ne babba, kuma zumunci ne kaɗai ke ɗauke da shi. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a ɗora wa zumuncin nan horo, domin kyakkyawar niyya daban, iya jagoranci daban.

Ɗalibi ya koyar da ɗalibi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A tsangaya gardi ne ke biya wa kolo allo, ya duba rubutun titibiri, alaramma na sa ido daga gefe. A ɓangaren boko ma, makarantar da Jean Dard ya buɗe a Saint-Louis ta Senegal a 1817 a kan wannan tsari ta tsaya, manyan yara na koya wa ƙanana. Amma salon da jami'o'i da dama ke bi a yau ya samo asali ne a 1973, a Jami'ar Misuri da ke birnin Kansas na Amurka, inda Deanna Martin ta tsara shi don rage faɗuwar ɗaliban likitanci da haɗa magunguna. Hikimarta ita ce ba a ware ɗalibi a ce masa kai ne rago. Darasin da aka san yana kayar da mutane shi ake nufa, a buɗe zaman bita ga duk mai so, a ɗora wanda ya ci darasin bara ya jagoranta. Bayan shekara biyu Vincent Tinto ya wallafa nazarinsa da ya yi fice, inda ya nuna cewa barin jami'a ba daga ƙarancin ƙwaƙwalwa kaɗai yake zuwa ba. Wanda bai sami shiga cikin jama'ar makaranta da harkar karatunta ba, shi ne ya fi saurin tattara kayansa.

Abin da ya fi ba sabon jagora wuya a horon shi ne kame baki. An zaɓe shi ne don ya iya darasin, ga ƙane ya yi tambaya, amsa na kan harshensa, amma sai a ce masa ya dakata. Ana koya masa ya mayar da tambayar ga zauren: wa ke da wannan a littafinsa? Ke, yaya kika fahimce shi? Ana koya masa ya jure shirun da ke biyo bayan tambaya, kada ya yi gaggawar cike shi, domin a cikin shirun nan ne mai jin kunya ke haɗa jimlarsa. Ana kuma hana shi tambayar nan ta "kun gane?", wadda kowa ke amsawa da gyaɗa kai, sai dai ya ce wani ya maimaita bayanin da bakinsa. A al'adarmu, inda ƙane ba ya musu da yayansa, wannan ya fi wuya ninki biyu. In babba ya faɗa, an gama. Jagoran da bai koyi janye jikinsa ba zai wayi gari ya zama ƙaramin malami, ƙannensa na haddace maganarsa kamar yadda suke haddace ta babban.

Sai riƙon amana. Abin da ke kayar da ɗalibi ba safai yake cikin littafi ba. Wani burs ya makara, kwana biyu bai ci abin kirki ba, kuma ba zai faɗa ba. Wani an kira shi daga gida cewa rani ya yi tsanani, rijiya ta ja baya, ana bukatar hannunsa wajen bisashe. Wata ana matsa mata da zancen aure. Irin wannan magana ba ta fitowa sai an yarda da kai, kuma in ta fita daga bakinka sau ɗaya a fada wajen shan shayi, ba za ta sake zuwa maka ba. Duk da haka horon kirki yana shata iyaka: jagora ba likita ba ne, ba alƙali ba ne. In ya ga alamar ciwo, ko damuwar da ta kai mutum ga fid da rai, ko cin zarafi, aikinsa ya raka mai abin wurin wanda ya dace, da saninsa. Yawancin masu zuciyar taimako a nan suke tuntuɓe, su ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsu har nasu karatun ya taɓu.

Mutanen Damargu, da ƙasarsu ta daɗe tana kan hanyar ayarin da ke bi ta Abzin zuwa Kano, sun san cewa jagaban ayari ba ya ɗaukar wa kowa kaya. Rijiyoyi ya sani, da inda ake ɓata.

Akwai abin da jagora ɗan wannan yanki ke da shi wanda littafin horo na waje bai tanada ba, wato harshe. Ɗalibi na iya kasa kama ma'anar darasi da Faransanci, a warware masa da Hausa ko Buzanci cikin minti biyar, ya koma ya rubuta daidai. Damagaram ta san amfanin wannan tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a garin, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ya kamata horo ya ƙarfafa jagora ya yi aiki da harshen gida ba tare da jin nauyi ba, amma ya tabbatar ƙanensa ya iya mayar da bayanin cikin harshen jarrabawa. Haka nan kada rukuni ya zama na ƙabila ɗaya. Ɗan manomin Gangara da ɗan makiyayin Tenhiya ko Tarka in suka yi shekara suna bita tare, sun san juna sanin da zai yi amfani ranar da aka zauna sasanta zancen burtali.

Jihar Damagaram ba ta rasa gogewa a irin wannan horo. A nan aka fara Makarantar Mazaje wajen 2008 da tallafin UNFPA, inda ake horar da magidanta su faɗakar da ƴan'uwansu kan lafiyar mata masu ciki, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Shirin Illimin da ya soma a 2013 shi ma a kan mata jagorori ya dogara, masu zama da ƴan mata matasa. Ke nan masu iya horarwa suna nan cikin gida.

Dole a faɗi haɗarin. Girma ba tare da sa ido ba yana lalacewa: wani zai mai da ƙannensa ƴan aike, wani ya ja su cikin siyasarsa, wani ya yi amfani da matsayin wajen neman ƴan mata. Saboda haka a zaɓi jagora da hali, ba da maki kaɗai ba, a sa malami guda da zai riƙa zama da su, a kuma tabbatar akwai jagorori mata. A ba su takardar shaida, a sassauta musu wajen ɗaki da abinci, domin lokacin karatunsu suke bayarwa.

Kirana ga shugabannin Jami'ar André Salifou da CROU, da hukumomin Tanut da Belbeji da Tenhiya, da ƙungiyoyin ɗaliban Damargu: kafin buɗe shekarar karatu mai zuwa a ware kwana biyu ko uku, a tara ƴan shekara ta biyu da ta uku da suka yarda, a horar da su, a raba musu sababbin zuwa tun ranar rajista.