Jijjigar masu juna biyu: Inda binciken neman magani ya kwana

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a watan Afrilun 2025 ya ƙiyasta cewa mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya a shekarar 2023 sanadiyyar ciki ko haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a faɗin duniya. Bayan zubar jini, babu abin da ya fi cin rayukan masu juna biyu kai tsaye a duniya kamar cututtukan hawan jini. Kan gaba a cikinsu shi ne wanda likitoci ke kira firi-eklamsiya, wanda idan ya ta'azzara yake rikiɗewa ya zama jijjiga, ko taune-taune kamar yadda wasu ke kiransa.

Har yau babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da wannan ciwo. Hanya ɗaya tilo da aka sani ita ce a raba uwa da cikin, a fitar da jariri da mabiyiya. Idan cikin ya kusa isa haihuwa, lamarin da sauƙi. Idan kuwa yana wata shida ko bakwai, likita ya shiga tsaka mai wuya: ya jinkirta, uwa ta shiga haɗari, ya gaggauta, a haifi bakwainin da ba lallai ya rayu ba. Abin da masu bincike ke nema shi ne maganin da zai hana ciwon tun farko, ko ya kwantar da shi har jariri ya ƙara kwanaki a ciki.

Daga mabiyiya ciwon ke tasowa

Firi-eklamsiya na bayyana ne bayan mako na 20 na ciki. Jini ya hau zuwa 140 bisa 90 ko sama da haka, furotin ya riƙa fita a fitsari, ko kuma a ga alamun ƙoda, hanta ko ƙwaƙwalwa sun fara taɓuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana shafar kashi 2 zuwa 8 cikin 100 na masu juna biyu.

Sai dai tushensa ya riga alamominsa da watanni. A farkon ciki, ƙwayoyin mabiyiya kan kutsa cikin bangon mahaifa su faɗaɗa wasu ƙananan jijiyoyi masu murɗe-murɗe, domin jini ya riƙa kwarara zuwa ga ɗan tayi a natse. Idan wannan aiki bai kammalu ba, jijiyoyin kan zauna a matse, jini ya riƙa zuwa yana yankewa, kamar wutar lantarkin da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi har ta ƙona kayan gida.

A nan ne abin da za a iya kira tsatsar ƙwayoyin jiki ke shigowa. Kusan kowace irin ƙwaya tana ƙona abinci da iskar oksijin a wasu sassa nata da ake kira mitokondiriya, kuma kamar kowane murhu, ƙonawar na fitar da tartsatsi, wato wasu ɓurɓushin oksijin masu cin duk abin da suka taɓa. Jiki na da sinadaran kariya da ke kashe su. Amma idan jini na zuwa yana yankewa, tartsatsin kan fi ƙarfin kariyar, su riƙa lalata ƙwayoyin mabiyiya. Danginsa ɗaya da abin da ke sa ƙarfe ya yi tsatsa, ko doya ta sauya launi bayan an fere ta.

Mabiyiyar da ta galabaita kan zuba wasu sinadarai cikin jinin uwa. A 2003, ayarin Dakta Ananth Karumanchi a Boston ta Amurka ya nuna cewa ɗaya daga ciki, wani furotin mai suna sFlt-1, yana kama sinadaran da ke kula da lafiyar bangon jijiyoyi ya hana su aiki. Da aka ƙara yawansa a jikin ɓeraye masu ciki, sai jininsu ya hau, furotin ya fito a fitsarinsu, ƙodarsu ta lalace irin ta matan da ke da ciwon. Tun daga lokacin, rage tsatsa da rage sFlt-1 suka zama manyan ma'aunan da ake gwada magunguna da su.

Darasin bitamin C da E

Tunanin farko mai sauƙi ne: tunda tsatsa ce, a ba mata sinadaran kariya. A 1999, wani ƙaramin gwaji da aka yi a Landan kan mata 283 ya nuna alamar cewa bitamin C da E na rage ciwon. Murna ta koma ciki a 2006, lokacin da babban gwajin da aka yi a Birtaniya kan mata kusan 2,400 ya gano cewa bitamin ɗin ba su rage komai ba, har ma an fi samun jarirai marasa nauyi a cikin waɗanda suka sha. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a Ostareliya, da na Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe masu tasowa, da wani a Amurka kan mata kusan 10,000, duk a wuri ɗaya suka tsaya. A yau hukumar ba ta ba da shawarar shan su domin rigakafin wannan ciwo.

Masana sun koma ɗakunan gwaji da sababbin tambayoyi. Wataƙila bitamin ba ya isa cikin mitokondiriya inda tartsatsin ke tashi. Saboda haka aka juya ga sinadarai irin su MitoQ, waɗanda aka ƙera domin su taru a can. A 2018, masu bincike a Jami'ar Mississippi sun nuna cewa yana sauke jinin ɓerayen da aka matse wa jijiyoyin mahaifa. Amma wani bincike da aka wallafa daga China a 2021 ya gano cewa ko da yake yana taimaka wa ɓeraye a ƙarshen ciki, idan aka ba su a farkonsa sai ya ƙara dagula lamarin. Ashe mabiyiya na buƙatar ɗan tartsatsin domin ta ginu, kuma lokacin ba da magani na da muhimmanci kamar maganin kansa.

Tsofaffin magunguna, sabon aiki

Ƙirƙirar sabon magani na cin shekaru da dukiya mai yawa, don haka wasu masanan suka koma lalube cikin waɗanda aka riga aka san ba sa cutar da mai ciki. A Jami'ar Melbourne ta Ostareliya, ayarin Farfesa Stephen Tong na karɓar mabiyiya da cibiya daga matan da suka amince bayan haihuwa, su raini ƙwayoyinsu a faranti, su ɗiga musu magani, su auna ko sFlt-1 ya ragu.

Ta haka suka gano cewa esomefrazol, maganin gyambon ciki da ƙwannafi, yana rage sFlt-1 kuma yana tayar da sinadaran kariya na ƙwayoyin. Farfesa Catherine Cluver ta Jami'ar Stellenbosch ta gwada shi a asibitin Tygerberg da ke Cape Town, Afirka ta Kudu, kan mata kusan 120. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna bai tsawaita cikin ba. Abin da ya isa jininsu bai kai yawan da ya yi aiki a faranti ba.

Metfomin, maganin ciwon suga, ya fi ba da fata. A gwajin da aka wallafa a 2021, an raba mata 180 da ciwon ya kama tsakanin mako na 26 da na 32 gida biyu. Waɗanda suka sha maganin sun ƙara kimanin kwana 17.7 kafin a raba su da cikin, sauran kuwa kwana 10.1. Mako guda ba ƙaramin abu ba ne ga bakwaini. Sai dai a ma'aunin ƙididdiga, bambancin ya gaza da kaɗan wajen kore yiwuwar dace ne kawai, don haka sai gwaji mafi girma zai raba gardama.

Firabastatin, maganin kitsen jini, shi ma ya yi fice a jikin ɓeraye, amma a gwajin da aka yi a Turai kan mata 1,120 da ke gab da haihuwa, bai rage ciwon ba. Akwai kuma hanyar da ake kira siRNA, wadda ke toshe saƙon da ke umartar mabiyiya ta sarrafa sFlt-1. A 2018 an nuna cewa allurarta ta rage hawan jini a jikin gwaggon biri masu ciki.

Me ke jawo tafiyar hawainiya?

Dalili na farko na halitta ne. Ciwon kusan na ɗan Adam ne shi kaɗai, don haka ɓeran gwaji ƙirƙira masa ciwon ake yi, kuma mabiyiyarsa ba irin ta mutum ba ce.

Na biyu tsoro ne mai tushe. Maganin talidomaid da aka riƙa ba masu laulayi a ƙarshen shekarun 1950 ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa. A 2018 ma an dakatar da wani gwaji a Holan, inda ake ba matan da 'yan tayinsu ba sa girma maganin sildenafil, bayan jarirai 11 na waɗanda suka sha sun rasu da alamun matsalar huhu.

Na uku kuɗi ne. Wani nazari na 2008 ya gano cewa magunguna 17 kacal kamfanoni ke kan haɓakawa domin matsalolin ciki da haihuwa, alhali na cututtukan zuciya da jijiyoyi sun kai 660. Ciki na wata tara ne, mafi yawan masu mutuwa kuma matan ƙasashe matalauta ne, don haka kamfanoni ba su hango riba ba.

Abin da ke hannu

Duk da haka, akwai magunguna uku masu arha da aka tabbatar da amfaninsu. Gwajin Magpie na 2002, kan mata 10,141 a ƙasashe 33, ya nuna allurar magnesiyam salfet na rage haɗarin jijjiga da kashi 58 cikin 100. Gwajin ASPRE na 2017 ya nuna ƙaramin asfirin, idan likita ya ɗora mace mai haɗarin kamuwa a kansa tun farkon ciki, yana rage nau'in ciwon da ke tilasta haihuwa kafin lokaci da kashi 62 cikin 100. Kalsiyam kuma na taimaka wa matan da ba sa samunsa sosai a abinci. Babu ɗayansu da ya halatta mai ciki ta saya ta sha da ka.

Kano ta ga abin da hakan ke nufi. A 2008 an shigar da magnesiyam salfet asibitocin jihar guda goma tare da horar da ma'aikata, kuma binciken da Farfesa Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka wallafa ya nuna mutuwar matan da ciwon ya tsananta musu ta sauko daga kashi 20.9 zuwa 2.3 cikin 100.

A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma kasafin tarayyar Najeriya ya daɗe yana yawo a kusan kashi 5. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ƙaddamar da shirin MAMII, wanda ya mayar da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da ke da fiye da rabin mutuwar masu haihuwa a ƙasar. Ma'aunin nasarar irin wannan shiri yana asibitin matakin farko na ƙauye: ko akwai na'urar awon jini mai aiki, da tsinken gwajin fitsari, da magnesiyam salfet a ma'ajiya, da ungozoma ƙwararriya da ta san yadda ake ba da shi da tsakar dare. Duk maganin da ɗakunan gwaji za su fitar nan gaba, ta wannan ƙofa zai bi kafin ya isa ga mai ciki.